Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Zamfara a kan Irin Shuka Mai Gina Jiki

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Zamfara, Alhaji Dauda Lawal,
Gidan Gwamnati, Gusau.

Ranka ya daɗe,

Ina neman izininka in gabatar da wata magana wadda, ko da yake a ido ƙarama ce ƙwarai, tunda ba ta wuce zancen ƙwayar gero da ta masara da saiwar dankali ba, amma a ganina tana daga cikin manyan al'amuran da lafiyar talakawanka da hankalin 'ya'yansu suka rataya a kansu. Na zaɓi in rubuto a fili, inda kowa zai karanta, domin maganar ta shafi manomi da matar gida da malamin gona da limamin gari kamar yadda ta shafi mai mulki, kuma domin mu mutanen Jangebe da Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda Allah ya zaunar kusa da ruwan Bakolori, muna da hannu a cikinta fiye da sauran jama'ar jihar.

Kowa ya san yunwar da ke zuwa idan rumbu ya ƙare tun sabon gero bai nuna ba, wadda ake ganinta a fuska, ake jin kukanta a cikin gida. Ita wannan ba ta bukatar mai bayani, kuma tun daga 1996 da aka ƙirƙiro jihar nan gwamnatoci suke yaƙarta da rabon hatsi da taki. Akwai kuwa wata ta biyu, wadda masana ke kira ɓoyayyiyar yunwa, mai zama a jikin yaron da ya ci tuwo ya ƙoshi, ya sha fura har ya bar saura, alhali jikinsa na nan yana rashin waɗansu sinadarai 'yan kaɗan waɗanda Allah, cikin hikimarsa, ya hukunta ba a samun jini mai kyau, ko ido mai gani, ko cikakken girma, sai da su. Manyansu a wurinmu uku ne: sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke yin jini, da bitamin A, wanda ke tsare ido ya kuma ƙarfafa jiki a kan cututtuka irin su baƙon dauro, da zinki, wanda rashinsa ke tsumburar da yaro ya sa zawo ya riƙa kayar da shi. Iyayenmu mata ba su san waɗannan sunaye ba, amma sun san alamominsu sarai. Sun san dundumi, wato mai ciki ko yaro ya riƙa lalube da zarar magariba ta yi; sun san yarinyar da cikin idonta da tafin hannunta suka yi fari, wadda ba ta iya ɗauko tulu daga rijiya sai da haki da jiri; sun kuma san matar da jinin da ta zubar wajen haihuwa bai kai ya kashe mai lafiya ba, amma ita ya zama ajalinta, domin tun farko ba ta da na ajiya.

Ba zato nake yi ba, ranka ya daɗe. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 68 cikin 100 na ƙananan yaran Nijeriya, daga wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar, suna da ƙarancin jini, haka ma kashi 58 cikin 100 na matan da ke cikin shekarun haihuwa. Da aka rarraba lissafin jiha jiha kuwa, sai Zamfara ta zo kan gaba da kashi 84 cikin 100 na yaranta, watau a cikin yara shida da ke wasa a ƙofar gida, da ƙyar za ka ware ɗaya mai cikakken jini. A cikin wannan bincike dai aka ga fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan kuwa tun kafin fitinar 'yan bindiga ta kai inda ta kai daga baya, fitinar da ta sa manoma barin gonakinsu na nesa ko biyan haraji ga ɓarayin daji kafin su girbe abin da suka shuka. A 2024, da ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu yana da tamowa. Kuma akwai wani sirri da ya kamata duk Bazamfare ya sani: jikin yaron da ba shi da isasshen ƙarfe ya fi saurin shan dalma idan ta shiga cikinsa, domin hanyar da hanji ke bi ya ɗauki ɗaya ita ce yake bi ya ɗauki ɗayar, saboda haka musibar gubar dalma da ta halaka yara sama da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010 ta sami jikkuna da rashin abinci ya riga ya buɗe mata ƙofa.

Gaskiya ne ba a zauna an naɗe hannu ba. Tun 2002 doka ta wajabta wa masana'antu su sa bitamin A a cikin fulawa da sukari da man girki, kamar yadda aka wajabta sa aidin a gishiri tun kafin nan, kuma sau biyu a shekara ma'aikatan lafiya kan fita su ɗiga wa yara bitamin A a baki. Duka biyun alheri ne, kada a bari. Amma sai a duba halin da mutumin Jangebe yake ciki: tuwonsa daga rumbunsa yake, garinsa daga injin niƙa na unguwa, mansa na gyaɗa ne da maƙwabciya ta matsa, ba ya sayen abin da aka ƙulla a masana'antar Legas sai jefi-jefi, ma'aikacin lafiya kuwa, wanda shi ma mai iyali ne, ba za a zarge shi ba idan ya ƙi bin hanyar da aka tare jiya. Duk taimakon da sai an ɗauko shi a mota an kai ƙauye kowane wata shida, a wannan zamani namu, yana hannun wanda ya riƙe hanya. Iri kuwa, in ya shiga hannun manomi sau ɗaya, ya shuka ya girbe ya zuba a rumbu, to ya zauna ke nan a cikin gida, matar gida ta ɗebo ta surfa ta dama, yaro ya sha safe da yamma ba tare da an jira kowa ba. Wannan shi ne ginshiƙin maganata.

Abin da masu binciken aikin gona suka yi a cikin shekarun nan bai saɓa wa abin da kakanninmu suke yi ba lokacin da suke ware zangarniya mafi kyau su rataye don iri, illa dai su masanan suna da ma'aunin da ke ganin abin da ke cikin ƙwaya. Sukan tara iri daban-daban na hatsi ɗaya daga ƙasashe masu yawa, su auna kowanne, su fitar da waɗanda Allah ya halitta da yalwar ƙarfe ko zinki ko bitamin A, sa'an nan su yi musu barbara da waɗanda ke da yawan amfani da jure fari, su shuka, su zaɓa, su sake shukawa, shekara bayan shekara, har a sami iri guda da ya tara siffofin duka. Wani masanin tattalin arziki mai suna Howarth Bouis shi ne ya daɗe yana kira ga wannan hanya tun mutane na ganin wauta ce, har aka kafa shirin HarvestPlus a 2003, kuma a 2016 aka ba shi Kyautar Abinci ta Duniya tare da Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, waɗanda suka yi aikin dankali mai jan ciki a Mozambik da Yuganda.

Labarin gero shi ya fi kusa da mu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A arewacin ƙasar Togo da maƙwabtanta akwai wani tsohon iri na manoma da ake kira iniadi, mai saurin nuna, mai manyan ƙwayoyi. Masu bincike na cibiyar ICRISAT suka kai shi Indiya, suka fitar da wani iri daga cikinsa wanda manoman can suka yi shekaru suna shukawa saboda saurinsa, tun ba a kula da abin da ke cikin ƙwayarsa ba. Da aka zo aka shiga auna gero iri-iri ana neman mai ƙarfe, sai aka tarar zuriyar iniadi tana cikin na gaba. Aka sake zaɓe a cikinta, aka sami wanda aka sa wa suna Dhanashakti, aka kuma gwada shi a kan 'yan makaranta masu shekara 12 zuwa 16 a jihar Maharashtara, waɗanda suka yi wata shida suna cin gurasarsa, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa waɗanda suka fara da ƙarancin ƙarfe sun fi saurin murmurewa a kan 'yan'uwansu da suka ci gero na yau da kullum. Daga nan irin ya komo gida Afirka ta Yamma. A 2018 Jamhuriyar Nijar, ta hannun cibiyarta ta binciken noma INRAN tare da ICRISAT mai tasha a Sadore kusa da Yamai, ta fitar da Chakti, gero na farko a nahiyar Afirka da aka fitar musamman saboda ƙarfensa, wanda ke ɗauke da kamar miligiram 65 na ƙarfe a kowane kilo, alhali wanda manoma suka saba shukawa yana da kamar 47. Mai karatu zai ce bambancin kaɗan ne, kuma da a ce gero abin marmari ne da ake ci ranar salla, da ya yi gaskiya. Amma mutumin da ya karya da kunu, ya yini da fura, ya kwana da tuwo, kwana ɗari uku da sittin da biyar a shekara, shi wannan ƙari kaɗan ba ya yanke masa, kullum yana shiga jikinsa. A Nijeriya kuma Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda alhakin gero ke wuyanta, tana da hannu a wannan aiki, kuma ana yaɗa Chakti da wani mai suna Jirani ga manoman Kano da Jigawa. Mutanen Maraɗi da na Zamfara cimarsu ɗaya ce, kasuwancinsu ɗaya, aurensu ɗaya. Ban ga hujjar da za ta sa abin da ya isa can shekarun baya ya kasance baƙo a Mafara ba.

A ɓangaren masara, cibiyar IITA ta Ibadan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, sun fitar da masu launin ruwan goro masu ɗauke da bitamin A tun daga 2012, a cikinsu akwai Sammaz 38 da Sammaz 39, waɗanda manomi zai iya ajiye irinsu ya sake shukawa, kuma gwajin da aka yi da yara a Zambiya ya tabbatar irin wannan masara tana ƙara ajiyar bitamin A a jiki. Samaru tare da ICRISAT ta Kano sun kuma fitar da dawa mai ƙarin ƙarfe, Samsorg 45, a 2016. Rogo mai rawaya ya fito tun 2011, amma shi ya fi amfanar 'yan'uwanmu na Kudu, ba zan tsaya a kansa ba. Wanda zan roƙi a duba da idon basira shi ne dankalin Hausa mai jan ciki, wanda cibiyar bincike ta Umudike ta fitar, domin saiwa guda madaidaiciya, kamar giram 125, ta ishe ƙaramin yaro bitamin A na yini ɗaya, ga shi yara na son zaƙinsa, ga shi ana iya dasa shi a bayan gida ko a gonar kusa da gari inda mace ko tsoho za su iya zuwa ba tare da fargaba ba. Babbar matsalarsa a ƙasashe masu dogon rani ita ce yaɗon da ake dasawa yakan bushe kafin damina ta zo. Mu kuwa manoman Bakolori sun daɗe da sanin noman kudaku, kuma muna da ruwan da zai raya yaɗo duk tsawon rani.

To amma, ranka ya daɗe, da zan kawo maka falalar abin kaɗai in ɓoye aibinsa, da na ci amanar wasiƙar nan. Na farko, ƙarancin jini ba daga abinci kaɗai yake ba. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da amosanin jini suna da babban rabo a ciki, saboda haka gero mai ƙarfe ba zai ɗauke wa gwamnati gidan sauro da magani ba, haka kuma yaron da tamowa ta riga ta kayar, asibiti yake bukata yau. Na biyu, manominmu yana son gero mai doguwar zangarniya irin zango, wanda ke cika dami ya yi kwarjini, mai dogon karan da za a yi danga a kuma ba dabba. Chakti kuwa gajeren kai gare shi, kuma saboda yana riga sauran nuna, in mutum ɗaya ya shuka shi a tsakiyar gonakin da ba su ko fidda kai ba, tsuntsayen gari duka a kansa za su sauka. Maganin wannan shi ne a shuka shi unguwa guda, gonaki da yawa a jere, kuma a gaya wa manomi gaskiya cewa wani yanki na gonarsa ake roƙo, wanda zai ba shi sabon hatsi a daidai lokacin da rumbu ke ƙarewa, ba a ce ya watsar da irin ubansa ba. Na uku, gero iska ce ke ɗaukar masa barbara daga gona zuwa gona, don haka bayan 'yan shekaru irin yakan gauraye da na maƙwabta ya rasa siffarsa, sai an sabunta. Na huɗu, bitamin A da ke cikin masara yakan ragu ƙwarai idan ta yi watanni a ajiye, musamman in an niƙe ta, ga kuma mutanenmu sun saba da farin tuwo har wasu na ganin jar masara abincin kaji ce. Surfe ma, idan ya yi yawa, yakan tafi da wani kaso na ƙarfen a cikin dusa, yayin da jiƙa gero da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, da haɗa shi da tsamiya ko lemon tsami ko zogale, suke taimaka wa jiki ya sha abin da ke ciki. Waɗannan duka ilimi ne da ke hannun mata, kuma duk shirin da aka tsara a ofis ba tare da an ba matan Jangebe da Bakura garin sun dama, sun tuƙa, sun ɗanɗana, sun faɗi hukuncinsu ba, zai ƙare a takarda.

Akwai kuma wani aibi da ya fi waɗannan haɗari, shi ne ƙarfe da zinki ba su da launi. Jar masara da jan dankali kowa na ganinsu, amma gero mai ƙarfe da maras shi ido ba ya rabe su, don haka ƙofar algus a buɗe take: ɗan kwangila zai iya sayen hatsi a kasuwa, ya zuba a buhu mai tambari, ya kawo wa gwamnati da sunan ingantaccen iri, manomi ya shuka, yaro ya sha, ba abin da ya canja, sa'an nan jama'a su ce daman ƙarya ce. Mun ga irin wannan a rabon iri da taki a wurare da dama, kuma shi ya sa nake jin tsoron rabon kyauta na lokacin siyasa fiye da yadda nake jin tsoron tsuntsu.

Sai maganar zargi, wadda ba ta kamata a raina ta ba. Mutanenmu ba su manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda jita-jitar hana haihuwa, kuma muhawarar da ta tashi a 2024 a kan masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin gwaji, ta sa da yawa suna ɗaukar duk sabon iri abu guda. Ire-iren da na ambata a sama kuwa ta hanyar barbara da zaɓe aka same su, ba a shigar musu da wani abu daga wata halitta ba. Amma wannan magana ba za ta karɓu daga bakin baƙo mai farar mota ba. Sai an kira sarakunanmu na Mafara da Bakura da Maradun, da malamai da limamai da malaman Islamiyya mata, an kai su gonar gwaji sun ga yadda ake yi tun daga shuka har girbi, an amsa tambayoyinsu ba tare da gajiya ko izgili ba, sun kuma ci a gaban jama'a, domin gani ya kori ji. Malamanmu sun karantar da mu cewa kiyaye rai da hankali da zuriya suna daga cikin manyan manufofin Shari'a, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan ta tabbata rashin ƙarfe a shekarun farko yana rage wa yaro kaifin fahimta har girmansa, to samar da irin da zai toshe wannan ɓaraka ya shiga babin farillan da in wasu ba su tsaya da su ba, laifi ya hau kowa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rubuta risaloli a kan likitanci har da ciwon ido, ya lissafa kula da manoma da masu sana'a da ajiyar abinci cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina. Ba sabon abu nake kawo wa gidan sarautarmu ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978 da niyyar ba da ruwa ga hekta 23,000, ta ci gonaki da gidajen mutanen Maradun, ta kuma ci rayuka a watan Afrilun 1980 lokacin da aka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta. Bayan haka na'urorin yayyafin ruwa suka lalace, mafi yawan filin ya koma jiran damina, har Bankin Duniya ya zo da shirin TRIMING na gyaran magudanai. Jama'ar da suka biya wannan farashi suna da hakkin su ga ruwan ya amfani 'ya'yansu ta hanyar da ta wuce shinkafar da ake lodawa a kai birni. Na san filin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ta Gwamnatin Tarayya, amma ba abin da zai hana jiha ta nemi yarjejeniya da ita da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a ware wani yanki, ko da kaɗan ne a farko, ya zama gonar iri: a karɓo tushen irin gero daga Maiduguri, na masara da dawa daga Samaru, yaɗon dankali daga Umudike, a ba zaɓaɓɓun manoma su ninka shi da rani, lokacin da babu wani gero a kusa da zai gauraye da shi, Hukumar Kula da Iri ta Ƙasa ta duba ta sa hatimi. Kwalejin Aikin Gona ta Bakura tana nan a bakin wurin. A ba ta wannan aiki ya zama nata, a saya mata na'urar da ke auna ƙarfe da zinki a cikin ƙwaya, yadda ba buhun da gwamnati za ta biya kuɗinsa sai an ɗebi samfur an auna an bayyana sakamakon, ɗalibanta kuma su zama malaman gona da za su koma garuruwansu, inda aka san iyayensu, inda ba sa bukatar rakiya.

Irin da aka samu kuwa a ƙulla shi ƙanana ƙanana, a sayar da rahusa a kasuwar Talata ta Mafara da sauran kasuwannin ƙauye, domin abin da mutum ya sa kuɗinsa, ko kaɗan ne, ba ya kai shi tukunya ranar da aka ba shi. Gajiyayyu da 'yan gudun hijira da matan da aka kashe wa maza a ba su ta hannun hukumar zakka da waƙafi, wadda ta san su gida gida.

Amma manomi ba ya shuka abin da ba shi da tabbacin mai saye, kuma a nan ne gwamnati ke da ƙarfin da ba wanda yake da shi, domin ita ce babbar mai sayen hatsi a jihar, tana ciyar da makarantu da asibitoci da sansanonin gudun hijira. Idan ta yi shela tun kafin shuka cewa wani kaso na geron kunu da masarar tuwon da za ta saya sai mai wannan siffa, da ɗan ƙari a kan farashin kasuwa, to ba sai an yi wa kowa wa'azi ba. Ina kuma roƙon a fara da makarantun 'yan mata. Duniya ta san sunan garinmu ne ranar 26 ga Fabrairun 2021, da aka kwashe ɗalibai 279 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe, Allah ya ƙaddara suka dawo ranar 2 ga Maris. Aka yi ta magana a kan tsaronsu, kuma daidai ne a yi, amma ba a cika tambayar abin da ke cikin kwanonsu ba, alhali yarinya a waɗannan shekaru, da jinin al'ada ya fara zuwa mata ga kuma girma na ja, ta fi kowa bukatar ƙarfe, kuma a ƙasarmu sau da yawa ba ta daɗewa za ta ɗauki cikin fari, ta haifi jariri wanda ajiyar watanninsa na farko daga jikinta zai ɗiba. A auna jinin ɗaliban kafin a fara, da yardar iyayensu, a sake aunawa bayan shekara, a faɗa wa jama'a abin da aka gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.

Lokaci kuma yana da hukunci a cikin wannan al'amari, ranka ya daɗe, domin iri ba ya jiran kasafin kuɗi. In ana son ya kasance a hannun manoma kafin ruwan shuka ya sauka, to tun da kaka ya kamata a aika Maiduguri da Samaru a nemi tushensa, a daidaita da hukumar Bakolori kafin a raba filayen rani, a dasa yaɗon dankali da wuri, a shuka geron da zarar sanyin hunturu ya ja baya, yadda za a girbe, a bushe, a auna, a ƙulla kafin watan Yuni. Ina roƙon ka umarci Kwamishinan Aikin Gona da na Lafiya da na Ilimi su zauna tare da shugabannin Kwalejin Bakura da wakilan manoman Bakolori, maza da mata, su kawo maka tsari mai sunan wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai gama shi.

Allah ya ja zamaninka, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani talakanka daga Jangebe.